Sir William Hillary: Attajirin Da Ya Mutu Da Bashi, Ya Bar Ƙungiyar Da Ta Ceci Rayuka Sama Da 146,000

Duk wanda ya bi gaɓar tekun Birtaniya da Ireland a yau zai riƙa cin karo da wasu gine-gine a bakin ruwa, kowanne da jirgin ceto mai launin ruwan lemo a cikinsa ko a gefensa. Tashoshi ne guda 238 na ƙungiyar agajin nan da ake kira RNLI, wadda aikinta shi ne fita teku dare ko rana domin tsamo mutanen da ruwa ke neman ci. Mafi yawan masu shiga waɗannan jirage ba sa karɓar albashi. Akwai masunta a cikinsu, akwai malaman makaranta, kanikawa, masu shaguna da ma'aikatan jinya, waɗanda da zarar an kira su sai su ajiye abin da ke hannunsu su nufi ruwa. Galibin kuɗin gudanar da aikin kuwa daga gudummawar jama'a da wasiyyar waɗanda suka mutu yake fitowa. A watan Maris na 2024, lokacin da ƙungiyar ta cika shekara 200, ta bayyana cewa ta ceci rayuka sama da 146,000.

Mutumin da ya assasa wannan aiki shi ne Sir William Hillary, wanda ya rayu daga 1771 zuwa 1847. Bai iya iyo ba, amma ya shiga ruwa da kansa sau da dama, aka ceci mutane sama da 300 da hannunsa a ciki. Ya tashi cikin wadata, ya zauna da 'ya'yan sarauta, ya kuma mutu bashi ya yi masa katutu. Ba shi ne ya ƙirƙiro jirgin ceto ba. Abin da ya kawo shi ne tsari, wato yadda za a daina barin ran wanda jirginsa ya kife a hannun sa'a, da yadda mai ceto zai shiga ruwa da sanin cewa idan bai dawo ba akwai mai kula da iyalinsa.

Asali da tasowa

An haifi William Hillary ranar 4 ga Janairun 1771. Asalin danginsa mutanen yankin Yorkshire ne a arewacin Ingila, amma mahaifinsa, Richard Hillary, ɗan kasuwa ne a birnin Liverpool, yana hulɗar ciniki da tsibiran yankin Karibiyan. Gidansu mabiya ɗariƙar Quaker ne, wani reshe na addinin Kirista da aka sani da sauƙin rayuwa, riƙon amana a ciniki da ƙin ɗaukar makami.

William bai tsaya a kan tafarkin gidansu ba. Yana saurayi ya samu shiga cikin hadiman Yarima Augustus Frederick, ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarki George na Uku, ya kuma raka shi tafiye-tafiye a ƙasar Italiya. A wannan zamani ne ya saba da teku, har ya kewaya tsibiran Sisili da Malta a cikin ƙaramin jirgi marar rufi. Ilimin sarrafa ƙaramin jirgi a cikin babban ruwa da ya samu a can ya yi masa rana bayan shekara ashirin da 'yan kai.

A shekarar 1800 ya auri Frances Disney Ffytche, 'yar wani attajiri mai gida da filaye a Danbury da ke yankin Essex. Ba 'yar ɗariƙarsu ba ce, don haka auren ya raba shi da jama'ar Quaker. A cikin shekarar suka samu tagwaye, namiji da mace, aka sa wa namijin suna Augustus.

Ɗaukaka da faɗuwa

A 1803 yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Birtaniya da Faransa, aka shiga fargabar cewa Napoleon zai ƙetaro da mayaƙansa. Hillary ya tara rundunar 'yan sa-kai ta mutum 1,400 domin tsaron gaɓar Essex, ya kashe mata kimanin fam 20,000, kuɗin da a wancan zamani ya isa ya sayi gari guda na gonaki. Sarki ya saka masa a 1805 da sarautar gado wadda ta ba shi laƙabin Sir.

Sarauta ta samu, amma aljihu ya huje. Hidimar runduna, rayuwar manya da asarar da ya tafka a dukiyarsa ta ƙetare suka haɗu suka cinye abin da ya gada da abin da aure ya kawo masa. A Ingila ta wancan lokaci, wanda ya kasa biyan bashi kurkuku ake kai shi. A 1808 sai ya tattara ya koma Tsibirin Man, wani ƙaramin tsibiri da ke tsakiyar tekun da ya raba Ingila da Ireland. Tsibirin yana da majalisarsa da dokokinsa, kuma a lokacin dokarsa ba ta bari a kama mutum saboda bashin da ya ciyo a waje, shi ya sa ya zama mafakar manyan mutanen da kasuwa ta juya wa baya. Aurensa na fari ya mutu, a 1813 ya auri Emma Tobin, 'yar wani gida sananne a tsibirin. Daga baya ya zauna a wani gida mai suna Fort Anne, a kan tudun da ke kallon mashigin ruwan garin Douglas.

Ruwan da yake kallo daga ƙofar gida

Douglas ita ce babbar tashar jiragen ruwan tsibirin, kuma tana kan hanyar jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool, Scotland da Ireland. Mashiginta a buɗe yake ta gabas, don haka idan guguwa ta taso daga wannan ɓangare babu abin da ke tare ta. A tsakiyar mashigin kuma akwai wani dutse mai suna Conister, wanda ke bayyana idan teku ta janye, ya ɓace idan ta cika. Jirage da yawa sun hallaka a kansa mutanen gari suna tsaye a gaɓa suna kallo. Tsofaffin garin ba su manta da daren da guguwa ta afka wa ayarin masunta a watan Satumban 1787 ba, inda jirage da mutane suka salwanta a bakin tashar.

Matsalar ba ta Douglas ce kaɗai ba. A farkon ƙarni na 19, kimanin jirage 1,800 ne ke haɗari a kowace shekara a gaɓar Birtaniya da Ireland. Jirage ne na katako da iska ke turawa, kuma a kansu kasuwancin ƙasar ya dogara, daga gawayi da hatsi har zuwa auduga da wasiƙu.

Akwai kayan ceto tun kafin Hillary. A 1785 wani maƙerin keken doki a Landan, Lionel Lukin, ya yi rajistar fasahar jirgin da ba ya nutsewa cikin sauƙi. A 1790 Henry Greathead ya ƙera jirgin ceto a South Shields, bayan wani jirgi ya tarwatse a bakin kogin Tyne a gaban idon jama'a. A 1808 Kyaftin George Manby ya yi amfani da wata ƙaramar igwa da ke harba igiya daga tudu zuwa jirgin da ya maƙale. Sai dai kowane gari ta kansa yake yi. Inda aka samu mai hali ya sayi jirgi, bayan 'yan shekaru sai ya ruɓe don babu mai gyara. Douglas kanta an taɓa ba ta jirgin ceto a 1802, amma lokacin da buƙata ta taso a 1822 babu shi.

Shekarar da ta sauya komai

Ranar 6 ga Oktoban 1822 guguwa ta jefa wani jirgin sojan ruwa mai suna Vigilant kan dutsen Conister. Hillary ya sauko tasha ya tattara mutane, suka fita a cikin ƙananan jiragen tuƙi da hannu, suka ɗaura wa jirgin igiya suka janye shi daga bakin halaka. Guguwar ba ta lafa nan take ba, suka ci gaba da kai ɗauki ga wasu jiragen da suka shiga matsala a mashigin.

Bayan wata biyu, ranar 14 ga Disamba, wani jirgin sojan ruwan mai suna Racehorse ya bugi duwatsu a Langness, kusa da garin Castletown da ke kudancin tsibirin. Masuntan garin suka fita cikin duhu suna kwaso mutane zuwa tudu, sawu bayan sawu. A sawun ƙarshe igiyar ruwa ta kifar da jirginsu. Mutum shida daga cikin ma'aikatan Racehorse suka mutu, tare da uku daga cikin masu ceton. Waɗannan ukun talakawa ne masu iyali, kuma babu wata doka ko asusu da ya tanadar wa matansu da 'ya'yansu ko da kwabo. Hillary ya shiga rubuce-rubuce zuwa ga hukuma yana nema musu tallafi.

A nan ne ya gano bakin zaren. Jarumta ba ta yi ƙaranci a gaɓar teku ba. Amma masuncin da ake roƙo ya shiga guguwa domin baƙon da bai sani ba yana da lissafin da dole ya yi: jirginsa shi ne jarinsa, ƙarfinsa shi ne abincin gidansa, idan ya mutu kuma marayunsa bara za su shiga. Duk wanda ya yi jinkiri a irin wannan hali ba a ce masa matsoraci ba. Idan ana son ya fita, sai an ba shi jirgin da aka ƙera domin wannan aiki, an kuma ɗauke masa fargabar abin da zai bari a baya.

Ƙasidar 1823

A watan Fabrairun 1823 Hillary ya buga wata ƙasida yana kira ga al'ummar Birtaniya da su kafa hukuma ta ƙasa baki ɗaya domin ceton rayuka da dukiya daga haɗarin jirgin ruwa. Ya raba ta ga Ma'aikatar Sojan Ruwa, ministoci da manyan ƙasa. Abubuwan da ya nema a bayyane suke. A ajiye jiragen ceto a wuraren da suka fi haɗari, tare da mutanen da aka horar kuma suke cikin shiri a kowane lokaci. A riƙa ba da lada da lambar yabo ga waɗanda suka yi ceto. A ɗauki nauyin matan da 'ya'yan waɗanda suka mutu a bakin aikin. Wanda aka tsamo daga ruwa a ba shi abinci, sutura, magani da makwanci, a kuma taimaka masa ya koma gida. Sannan a ceci kowa ba tare da duba ƙasarsa ba, a lokacin zaman lafiya da lokacin yaƙi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a bakin mutumin da ya ƙarar da dukiyarsa wajen shirin yaƙar Faransawa, kuma shekara takwas kacal bayan kammala wannan yaƙi a 1815.

Ma'aikatar Sojan Ruwa ba ta ɗauki shawarar ba. Maimakon ya naɗe hannu, sai Hillary ya juya ga waɗanda asarar jirage ta fi shafa kai tsaye, wato 'yan kasuwa, masu jirage da masu inshora na birnin Landan. Thomas Wilson, ɗan kasuwa kuma ɗan majalisa mai wakiltar tsakiyar birnin, ya rungumi batun. Haka ma George Hibbert, jigo a cikin masu ciniki da yankin Karibiyan. Su ne suka buɗe masa ƙofofin da ƙasidarsa ta kasa buɗewa.

Ranar 4 ga Maris na 1824 aka yi babban taro a wani masauƙi da ke unguwar Bishopsgate a Landan, ƙarƙashin jagorancin Babban Limamin Cocin Ingila, Charles Manners-Sutton. A nan aka kafa ƙungiyar. Sarki George na Huɗu ya amince ya zama uban ƙungiya, Firaminista Lord Liverpool ya zama shugabanta, Thomas Wilson kuma ya jagoranci kwamitin gudanarwa. A shekarar farko an tara kusan fam 10,000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, kuma abin da gwamnati ta ƙi ɗauka jama'a ne suka taru suka ɗaga shi.

Tabon da tarihi bai goge ba

Akwai ɓangaren wannan labari da bai kamata mai karatu ɗan Afirka ya tsallake ba. Arzikin gidan su Hillary yana da alaƙa da gonakin rake na Jamaika, inda bayin da aka kwaso daga Afirka suke aiki, kuma shi kansa ya gaji kaso a cikin wannan dukiya. George Hibbert kuwa yana cikin manyan waɗanda suka tsaya kai da fata wajen kare bauta a gaban majalisa da bainar jama'a, kuma yana cikin waɗanda gwamnati ta biya diyya bayan dokar soke bauta ta 1833. Bayin da aka 'yanta ba a biya su komai ba.

A cikin waɗanda suka mara wa sabuwar ƙungiyar baya kuma har da William Wilberforce, wanda ya jagoranci fafutukar da ta kai ga haramta cinikin bayi a 1807. Ke nan masu kare bauta da masu yaƙi da ita sun haɗu a kan ceton wanda ke nutsewa a gaɓar Ingila, alhali wasunsu suna cin gumin mutanen da aka tsallaka da su teku cikin sarƙa. Alherin da Hillary ya shuka bai wanke wannan ba, wannan kuma bai rage adadin rayukan da aka ceta ba. Duka biyun suna cikin tarihinsa.

Shugaban da ya riƙa shiga ruwa

Bayan taron Landan, Hillary ya koma tsibirinsa ya ci gaba da aiki. Ya kafa reshen ƙungiyar na Tsibirin Man, aka samar da jiragen ceto a Douglas, Castletown, Peel da Ramsey kafin ƙarshen 1829. Bai tsaya a kan kujerar shugabanci yana ba da umarni ba. A 1825 yana cikin waɗanda suka kwashe mutane 62 daga jirgin City of Glasgow. A watan Disamban 1827 shi da ɗansa Augustus suka fita tare zuwa ga wani jirgin ƙasar Suwidin da ya maƙale a mashigin Douglas, aka kuɓutar da mutanen cikinsa.

Aikin da aka fi tunawa da shi ya faru ne da asubahin ranar 20 ga Nuwamban 1830. Jirgin St George, mai aiki da tururi, ya kawo wasiƙu da fasinjoji daga Liverpool, ya sauke su, ya tsaya a mashigin da ma'aikatansa 22. Cikin dare guguwa ta tsananta, sarƙar da ke riƙe da shi ta tsinke, ruwa ya kwashe shi ya maka a kan dutsen Conister.

Hillary yana dab da cika shekara 60. Ya shiga jirgin ceto tare da matuƙinsa Isaac Vondy, da wani hafsan sojan ruwa mai suna Robinson, da wakilin kamfanin jirgin William Corlett, da 'yan sa-kai 14. Da suka isa, igiyar ruwa ta riƙa buga su da jikin St George. Abin juya akalar jirginsu ya karye, filafilan tuƙi shida cikin goma suka tafi. Wata igiyar ta share Hillary da wasu mutum uku ta jefa su cikin teku. An samu an jawo su duka, amma shi ya fito da karaya shida a haƙarƙari da rauni a ƙashin ƙirji. A haka ya ci gaba da jagorancin aikin. Sun shafe kimanin sa'a biyu a tsakanin jirgi da dutse kafin su kwashe ma'aikatan St George gaba ɗaya. Mutum 40 ne a cikin jirgin ceton da ya rasa rabin kayan tuƙinsa, wasu jirage daga tasha suka tarye su suka taimaka musu zuwa tudu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ƙungiyar ta ba shi lambar zinare saboda wannan aiki. Gaba ɗaya ya samu lambobin zinare uku na jarumta, ban da wadda aka ba shi a matsayin wanda ya kafa ta.

Hasumiyar mafaka

Daren St George ya koya masa wani darasi. Wanda jirginsa ya fashe a kan Conister yana iya hawa dutsen, amma da zarar teku ta cika sai ta shafe shi, kuma nisan da ke tsakaninsa da gaɓa ya fi ƙarfin mai iyo a cikin guguwa da sanyi. Sai ya kawo shawarar a gina hasumiya a kan dutsen, wadda za ta nuna wa matuƙa inda haɗarin yake, ta kuma zama wurin fakewa har gari ya waye.

An gina ta a 1832 bisa zanen John Welch, da siffar ƙaramar ganuwa. Ta ci fam 254 da 'yan kai. Jama'a suka yi karo-karo, Hillary ya cike giɓin fam 78 daga aljihunsa. Aka rataya ƙararrawa a ciki domin neman agaji, aka riƙa ajiye burodi da ruwan sha. Hasumiyar tana nan tsaye har yau, ita ce abin da matafiyi ke fara gani idan jirginsa ya doshi Douglas.

Tunaninsa ya riga zamaninsa a wasu fannonin ma. Tun a 1824 ya rubuta shawarar a ƙera jirgin ceto mai aiki da tururi, abin da bai tabbata ba sai a 1890. Ya daɗe yana kira a gina katangar da za ta kare tashar Douglas daga igiyar ruwa, ita ma sai bayan mutuwarsa aka gina ta.

Ƙarshen rayuwa

Tsufa bai zo masa da hutu ba. Ya zuba abin da ya rage masa a wani bankin hannun jari na tsibirin, bankin ya durƙushe a 1843. A dokar wancan zamani mai hannun jari yana ɗaukar bashin kamfani har da dukiyarsa ta gida, don haka ya rasa kusan komai, ya bar Fort Anne ya koma wani ƙaramin gida a Woodville, kusa da Douglas. Matarsa Emma ta mutu a 1845. Shi kuma ya mutu ranar 5 ga Janairun 1847, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 76. An binne shi a harabar cocin St George da ke Douglas.

A lokacin, ƙungiyar da ya kafa ita ma tana jin jiki. Ɗokin farko ya wuce, masu bayarwa sun ja baya, jirage da yawa sun lalace. A 1849 kuɗin da ta samu a shekara bai kai fam 400 ba. Wanda ya duba al'amarin a ranar jana'izarsa zai iya cewa aikin ya bi mai shi.

Abin da ya biyo baya

Wani bala'i ne ya farkar da jama'a. A watan Disamban 1849 jirgin ceton South Shields ya kife, mutum 20 cikin 24 suka mutu. Aka sake wa ƙungiyar shugabanni. Richard Lewis ya zama sakatare a 1850, Duke na Northumberland ya zama shugaba a 1851, ya kuma sa gasar ƙera jirgin da zai iya miƙewa da kansa idan ya kife, wadda James Beeching ya lashe. A 1854 aka sauya mata suna zuwa Royal National Lifeboat Institution, wanda ake taƙaitawa RNLI, a shekarar kuma aka fara ba ma'aikatan ceto rigar hana nutsewa da aka yi da ɓawon wata bishiya marar nauyi.

Daga 1854 ƙungiyar ta karɓi tallafin gwamnati, amma ta ga tallafin yana zuwa da sharuɗɗa, yana kuma sa jama'a su ɗauka an ɗauke musu nauyi. A 1869 ta haƙura da shi ta koma ga masu ba da gudummawa. A 1886, da ma'aikatan ceto 27 na garuruwan Southport da St Annes suka mutu a dare ɗaya wajen kai ɗauki ga jirgin Jamus mai suna Mexico, jama'a suka tara wa iyalansu kuɗi masu yawa. Bayan shekara biyar wani attajirin masaƙa, Charles Macara, ya shirya gangamin tara kuɗi a titunan Manchester, aka ja jiragen ceto cikin gari mutane suna jefa abin da ya sawwaƙa.

Wasu ƙasashen ma sun bi wannan hanya. Holan ta kafa ƙungiyoyinta na ceto a ƙarshen 1824, Jamus da Faransa kuma a 1865. Da kudancin Ireland ya ɓalle daga Birtaniya a 1922, tashoshin ceton da ke can sun ci gaba da zama a ƙarƙashin RNLI, kuma haka abin yake har yau.

Sharaɗin nan na ceton kowa ya sha gwaji. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ƙungiyar sun ceci mutum 6,376, ciki har da matuƙan jiragen saman Jamus da aka harbo suka faɗa teku, waɗanda ƙila sun fito ne daga jefa bama-bamai a garuruwan masu ceton. A 'yan shekarun nan gwajin ya dawo ta wata fuska. Dubban baƙin haure, ciki har da 'yan Sudan, Eritiriya, Afganistan da Iran, suna ƙetara mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a cikin jiragen roba da aka cika fiye da kima. Idan hukumar tsaron gaɓar teku ta kira RNLI, tana fita ta kwaso su. A 2021 wasu 'yan siyasa da magoya bayansu suka zarge ta da taimaka wa shige da fice ba bisa ƙa'ida ba, har aka riƙa zagin 'yan sa-kanta a bakin ruwa. Ƙungiyar ta tsaya a kan cewa aikinta tsamo mai nutsewa ne, binciken takardunsa kuma na hukuma ne idan an iso tudu. A kwanakin da suka biyo baya gudummawar da take samu ta ƙaru sosai.

A yau hedikwatar ƙungiyar tana garin Poole a kudancin Ingila, inda take horar da ma'aikata da ƙera manyan jiragenta. A ƙofarta akwai wurin tunawa da aka rubuta sunayen ɗaruruwan mutanen da suka fita ceto ba su dawo ba. A Douglas kuwa an kafa mutum-mutumin Hillary a kan tudun da ke kallon mashigin, kuma a kowane watan Janairu ma'aikatan ceto na tsibirin suna taruwa a cocin St George su ajiye furanni a kan kabarinsa. Daga tudun ana hango hasumiyar Conister, ana kuma hango tashar jirgin ceton garin, inda har yanzu mutanen da ba a biyan su albashi suke kwana da shirin a kira su.